Kada A Wanke Allo Sai Karatu Ya Zauna

Kwanan baya aikin duba makarantu ya kai ni Birnin Malam. Da na gama, ina shirin kama hanyar Jega, sai wani magidanci, manomin albasa, ya tare ni ya ce don Allah in biya ta gidansa in ga wani abu. Muka shiga zaure, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Ya shiga ciki ya fito da wani buhu, ya zazzage shi a gabana. Littattafai ne: na Turanci uku, kowane da kamfanin da ya buga shi, na lissafi huɗu, har da na aji shida, da wani na nahawun Turanci mai kauri wanda ko ɗan sakandare sai ya yi gumi kafin ya ga bayansa.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, duk wanda na gani a kasuwa na saye. Kuɗin albasata ke nan zube ƙasa. Kullum da dare sai na zaunar da wanga yaro, amma in ka miƙa mishi wasiƙa sai ya riƙe ta kamar garwashi."

Aka kira yaron. Shekararsa goma, yana aji huɗu. Na rubuta masa "tulu", ya kira sunayen baƙaƙen ɗaya ɗaya da Turanci, amma ya kasa haɗa su su zama magana. Na rubuta masa 32, na sa 15 a ƙarƙashi, na ce ya ɗebe. Ya rubuta 23, watau a kowane gida ya cire ƙarami daga babba, ko da babban a ƙasa ya ke. Uban ya fara salati. Na ce ya dakata. Na juya na ce da yaron, "Kana da albasa talatin da biyu, ka sayar da goma sha biyar, saura nawa?" Ko numfashi bai sauke ba ya ce, "Sha bakwai."

To, jama'a, yaron nan ba daƙiƙi ba ne, uban nan kuma ba rago ba ne. Abin da ya faru shi ne an auna karatun yaro da lambar da ke bayan littafi da lambar ajin da ya ke ciki, ba da abin da ya zauna a kansa ba. Kuma ba gidan nan kaɗai ba ne. Tun daga Maris na 2020 har zuwa bana, sau nawa karatu ya koma hannun iyaye? Annobar korona ta rufe makarantu wata da watanni a 2020. An ɗauke ɗalibai a Birnin Yauri cikin Yuni 2021, an kuma a Maga cikin Nuwamba 2025, kowane kuwa ya sa iyaye da yawa suka riƙe 'ya'yansu a gida. A 2025 kuma an ba da dogon hutu saboda azumi. Saboda haka tambayar da iyaye ke yi mini a Maiyama da Aliero da Jega ba ta wasa ba ce: wane littafi za mu saya, me za mu fara da shi, kuma yaushe za mu wuce gaba?

Kafin in amsa, lalle in faɗi wani abu don kada a yi mini mummunar fahimta. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ɗora wa kowane uba ya kai ɗansa firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara. Karatun gida da na ke magana a kai ba madadin wannan ba ne. Mataimakinsa ne sa'ad da makaranta ke buɗe, mai riƙon ƙwarya ne sa'ad da ta ke rufe.

Abin da muka gada

Ba sai mun je wata ƙasa neman misali ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, a gida ya fara karatu, kuma ya bar mana labarin yadda aka bi da shi a cikin littafinsa Ida'un Nusuhi, inda ya lissafa malamansa. Wajen mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Sai da ya kai shekara goma sha uku sa'an nan aka danƙa shi ga wansa, Shehu Usmanu. A hannun Shehu ya shiga nahawu, kuma cikin littattafan da ya ambata akwai Ajurrumiyya, da Mulha, da Ƙaɗrun Nada. Wanda ya san littattafan nan ya san Ajurrumiyya 'yan warƙoƙi ce, mutum ya iya sa ta a aljihu. Har hisabi ma ya ce ya ɗauka wajen Shehu, ya kuma bayyana cewa mai sauƙinsa ne ya ɗauka. Mutumin da ya fara da 'yan warƙoƙin nan shi ne daga baya ya tsara Bahrul Muhiɗi, nahawu cikin baiti dubbai.

Ku lura da abu biyu. Karatu ya riga nahawu da shekaru. Ƙaramin littafi kuma ya riga babba.

Haka kuma makarantar allo da kowanenmu ya zauna a cikinta. Yaro ya kan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, kana ya koyi haɗa su. Malam ba ya tambayar shekarun yaro kafin ya ƙara masa. Sai yaro ya zo ya biya, in ya biya daidai a ce ya je ya wanke allo, in ya yi tuntuɓe a ce ya koma. Yara ashirin a zaure ɗaya, kowa da inda allonsa ya ke. Ban ce tsarin nan ba shi da aibi ba. Bulala ta yi yawa a cikinsa, kuma yaro ya kan daɗe yana furta abin da bai san ma'anarsa ba. Amma ta wajen auna tafiyar yaro, makarantar boko ce ya kamata ta zo ɗaukar darasi. Abin dariya, har ta zo ɗin, amma ta dogon zango: wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta yi suna a duniya da dabarar raba yara bisa ga abin da suka iya, ba bisa ga ajinsu ba, yanzu kuwa ana koya wa malamanmu ita a tarurruka kamar wani sabon abu.

Karatu da rubutu

Shawarata ta farko ita ce, kowane fanni littafi ɗaya, a bi shi daga bango zuwa bango. Taura biyu ba ta taunuwa. Kowane mai littafi da tsarin da ya jera darussansa, in ka yi tsalle daga wannan zuwa wancan sai yaro ya yi ta maimaita shafi goma na farko har shekara ta ƙare.

Ta biyu, a fara da Hausa. Na san akwai masu jin wannan kamar koma baya ne, kuma na san manufar Gwamnatin Tarayya ta sauya: a 2022 an tsai da cewa a karantar da firamare da harshen uwa, cikin Nuwamba 2025 kuma aka soke aka koma Turanci. Wannan maganar aji ce, ba ta shiga zauren kowa ba. Dalilina kuwa ba na kishin harshe ba ne kawai. Rubutun Hausa na boko, yadda a ke furtawa kusan haka a ke rubutawa. Wasula biyar ne. Yaro in ya gane cewa baƙi da wasali su ke haɗuwa su ba da gaɓa, ba be bi bo bu, ya kuma gane gaɓa da gaɓa su ke ba da kalma, to ya sami mabuɗi. Turanci ba haka ya ke ba, harafi ɗaya ya kan yi sauti uku ko huɗu, ga shi kuma yaron bai san abin da kalmar ke nufi ba, balle ya gane in ya karanta daidai. Wanda ya iya karatu da harshensa, in ya zo Turanci harshe kaɗai zai koya. Wanda bai iya ba kaya biyu ya ɗauka a kai ɗaya. An gwada wannan a Ile-Ife tun daga 1970, ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, aka karantar da wasu yara da Yarabanci shekara shida, ba su kuwa kasa takwarorinsu ba ko a Turancin.

Littattafan farawa suna nan. Ka Koyi Karatu, da Ka Ƙara Karatu, da Ka Yi Ta Karatu, waɗanda aka buga a Zariya, sunayensu ma sun faɗi yadda za a bi su. Wanda ya sami jerin Mu Karanta, da aka yi amfani da shi a ƙananan azuzuwan jihohin Sakkwato da Bauchi, shi ma ya wadatar. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937, ba ta mai koyo ba ce, amma a riƙa karanta wa yaro ita da dare tun bai iya ba, don ya san akwai daɗi a ƙarshen wahalar nan.

Yaya za ka san lokacin wanke allo ya yi? Kada ka gwada shi da shafin da kuka sha karantawa, gama yaranmu gwanayen hadda ne, sai ya rera maka shafi duka idonsa na kan akuya. Rubuta masa sabuwar magana da baƙaƙen da ya riga ya sani, ya karanta, sa'an nan ka rufe takardar ka ce ya gaya maka abin da ta ce. In ya faɗa, a wuce. In a shafi ɗaya kalmomi sun fi biyar da suka kayar da shi, littafin ya fi ƙarfinsa, a koma baya ba tare da faɗa ba.

Rubutu kuwa tare da karatu ya ke tafiya, amma a bayansa kaɗan. A fara a ƙasa da tsinke, ko da alli a bango, tun ba a ɓata takarda ba. Yaron da ya saba da allo hannunsa ya riga ya san alƙalami, sai dai a tuna masa boko daga hagu ya ke farawa, a kuma yi haƙuri da shi in ya juya b ta zama d. Matakan uku ne, ba na kuwa son a tsallake ko ɗaya. Na fari ya kwafi abin da ke gabansa. Na biyu shifta, ka faɗa ya rubuta, kalma biyar a rana sun isa, daga baya jimla. Na uku ya rubuta nasa. A nan ne iyaye da malamai su kan yi ɓarna, su ce da yaron da bai taɓa haɗa jimla biyu ba ya rubuta insha'i a kan amfanin ilmi. Me ya sani game da amfanin ilmi? Ce masa ya rubuta abin da za a sayo ranar kasuwa. Ya rubuta wa kawunsa da ke Birnin Kebbi gaisuwa layi uku, a kuma aika da ita da gaske. Ya faɗi da baki yadda a ke dashen albasa, sa'an nan ya rubuta abin da ya faɗa. In ya kawo, kada ka cika takardar da jan alƙalami. Zaɓi kuskure ɗaya ku gyara yau, sauran su jira gobe.

Nahawu ya jira

Littafin nahawun nan mai kauri na ce da mai gidan ya mai da shi cikin buhu. Yaron da ke cewa "rigar Audu" da "wandon Audu" ba ya taɓa musanya su, ya riga ya san jinsi, sunansa ne kawai bai sani ba, sunan kuwa ba ya gudu. Abin da ya ke bukata kafin shekara goma ƙa'idar rubutu ce: babban baƙi a farkon jimla da farkon suna, aya a ƙarshe, da ƙugiya. Ƙugiyar nan ba ado ba ce. Nuna masa "baki" da "baƙi", da "kafa" da "ƙafa", da "bata" da "ɓata", ya ga yadda ɗan lanƙwasa ɗaya ke juya magana. Sai raba kalma: "ya tafi" biyu ne, "gidansa" ɗaya ce.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu nan yamma musamman, wanda littattafan ba su kula da shi ba. Yaron Birnin Malam cewa ya ke "munka tahi", littafi kuwa ya ce "muka tafi". Ya ce "shina zuwa", littafi ya ce "yana zuwa". Ya ce "wanga", littafi ya ce "wannan". Na sha ganin an doki yaro a kan wannan, an ce bai iya Hausa ba. Subhanallahi! Hausar da aka yi wa'azi da waƙoƙin jihadi da ita? Gaya masa gaskiya: taka Hausa ce sosai, amma an yi ittifaƙi a kan wata guda wadda za a riƙa rubutawa don na Daura da na Zazzau da na Kabi su karanta takarda ɗaya. Ka sa ya ja layi a tsakiyar shafi, yadda mu ke faɗa a dama, yadda a ke rubutawa a hagu. Yara suna son wasan nan, kuma shi ne darasin nahawunsu na farko ba tare da sun sani ba. Sunayen suna da aikatau da sifa su zo sa'ad da ya iya cika shafi da rubutunsa, don a sami abin da za a nuna su a ciki.

Lissafi

Mu koma ga 32 da 15. Yaron ya san lissafi a kai, takarda ce ta ruɗe shi, domin ba wanda ya taɓa nuna masa cewa 3 ɗin nan ba uku ba ce, gomiya uku ce. Kakanninmu da suka ƙidaya wuri da "gomiya biyu", "gomiya uku" sun fi mu sauƙin bayyana wannan, don "talatin" da muka aro daga Larabci ba ta nuna wa yaro goma a cikinta. Na aiki ƙanensa ya kakkaryo karan dawa. Muka ɗaure goma goma, dami uku, da biyu a warware. Na ce ya ba ni goma sha biyar. Ya miƙo dami ɗaya, ya duba biyun nan ya ga ba za su ba da biyar ba, ya yi shiru, sa'an nan da kansa ya kwance dami guda. Na ce, "Abin da malaminku ke kira aro ke nan." Ya dube ni, ya dubi karan, ya yi dariya.

Tsarin ke nan duka: abu a hannu tukuna, sa'an nan zanensa, sa'an nan lamba. Littattafan ƙasar Singafo, waɗanda suka yi suna a lissafi, a kan wannan aka gina su. A Amurka, inda doka ta yarda iyaye su karantar da 'ya'yansu a gida ɗungum, iyayen sun daɗe suna gardama tsakanin irin littattafan nan, masu tsayawa a kan babi ɗaya har ya nuna, da irin na Saxon, masu ba da sabon abu kaɗan kaɗan suna ta komawa kan na baya kullum. Ni ban ga abin gardama ba, don malamin allo ya haɗa biyun tun tuni: sabon karatu ba ya wucewa sai ya zauna, tsohon kuma ana tishinsa kowace rana. In za ka sayi littafin lissafi, buɗe tsakiyarsa. In babi ya ƙare ba a sake waiwayarsa ba, kai ne za ka riƙa waiwayar, minti biyar kafin sabon darasi.

Jerin kuwa kada a birkita shi. Ƙidaya da tarawa da ɗebewa har ashirin, sai sun zama ba ya bukatar yatsa. Sa'an nan gidan goma da gidan ɗari. Sa'an nan sau, amma kada ya haddace jadawali sai ya jera tsakuwa layi huɗu, kowane layi shida, ya ga ashirin da huɗu da idonsa. Rabawa ta biyo. Kashi kuwa, wanda ke kayar da yara da yawa, mu muna da gata a kansa, gama rabi da sulusi da rubu'i da sumuni suna bakin kowa saboda rabon gado, ushiri kuma saboda zakkar hatsi. Uban da zai fid da zakkar gero, ɗaya cikin goma, ya kira ɗansa ya ƙirga damman. Wanda ya yi noman shinkafa da injin ban ruwa, ɗaya cikin ashirin, ya tambayi yaron wanne ya fi yawa, da dalili. In buhu ya ci tiya 40, an ɗebi rubu'insa, saura nawa? Ba littafin da zai ba ka tambayar da ta fi waɗannan.

Saura lokaci. Mai gidan nan ya kan zaunar da yaron bayan lisha, sa'a biyu, bayan yaron ya yi allo da asuba, ya yi boko, ya yi ban ruwa a fadama. Wa zai fahimci aro a wannan hali? Rabin sa'a ya isa ƙaramin yaro, a raba shi: karatu da rubutu kashi biyu, lissafi kashi ɗaya, kwana biyar a mako, da sauran haske. Da damina ko lokacin cirar albasa, in aiki ya yi yawa, a bar sabon darasi a riƙe tishi kawai. Kuma ba tilas uba ne zai koyar ba. A gidaje da yawa uwa ko yayar yaron ta fi haƙuri, ta kuma fi zama a gida. Nana Asma'u ba ta jira an gina aji ba, jajis ta riƙa aikawa ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu.

Da zan tashi, na ware masa littafi ɗaya na lissafi, na aji biyu, na rubuta masa sunan na Hausa da zai nemo, sauran na ce a ɗaure buhun a rataye inda gara ba za ta kai ba. Ransa bai so ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗan aji huɗu da littafin aji biyu? Mi mutane za su ce?" Na tambaye shi ko ya taɓa cire irin albasa ya dasa tun bai yi ƙwari ba don maƙwabcinsa ya riga shi dashe. Ya ce wanda ya yi haka ai ya yi asarar iri da ruwa. Muka yi alkawari in na komo zagaye na gaba zan zo da wasiƙa a aljihu, wadda yaron bai taɓa gani ba. Na hau babur, na bar shi da ƙanensa a ƙofar zaure suna ta ɗaure kara, har sun kai dami tara suna gardamar abin da za su kira na goma.